Ranar da Zari-ruga Ta Hana Rago Gasuwa

A duk faɗin jihar Maryland ta Amurka, daga Clinton inda nake zaune har bakin kogin Potomac, ban san wanda ya kai ni iya faɗin sakamakon wasa tun ba a buga shi ba. Ba yabon kai nake yi ba. Duk ranar Alhamis in na fito hutun cin abinci a ofishinmu da ke kudu maso yammacin Washington, sai in samu benci, in gyara murya, in aika saƙon murya na minti bakwai a guruf ɗinmu na 'yan gida. In faɗa musu wanda zai ci, wanda zai sha kashi, da wanda alƙalin wasa zai kora tun kafin ya yi gumi. A guruf ɗin nan akwai likita, akwai injiniyoyi biyu, akwai farfesa guda, amma in na yi magana kowa tsit yake yi. Hajiya matata ta ce tsit ɗin na waɗanda ba su buɗe saƙon ba ne. Ita dai ba ta taɓa kallon wasa har ƙarshe ba.

Sai dai duk wannan suna a ƙwallon ƙafa na yi shi. Abin da ya jefa ni cikin zari-ruga kuwa, rago ne.

Hajiya nas ce. Ta yi shekaru tana aiki a asibiti, sannan tana gab da cika hamsin ta koma karatu. Shekara uku teburin cin abincinmu ya zama na littattafai, ni da yara muna cin tuwo a kan cinya. A watan Janairu ta ci jarrabawar da ke ba nas lasisin duba marar lafiya da rubuta magani. Ranar da sakamakon ya fito na ce ta faɗi duk abin da take so a duniya, ko jirgin sama ne zan shiga bincike.

"Baban yara, ajiye jirginka," in ji ta. "Walima nake so, ƙarama. Abokan aikina da suka yi ta riƙe mini duti ina karatu, su nake so in ciyar. Shekara nawa ina ba su labarin ragon mutumin Damagaram, har sun fara cewa ƙirƙirarsa na yi. Shi nake so a ajiye musu, ɗungurungum, su gani da idonsu."

Na doki ƙirji na ce an gama.

Mutumin Damagaram maƙwabcinmu ne, layi uku tsakaninmu, makanike ne. Kafin ya zo Amurka ya yi shekara goma sha wani abu a kudancin Faransa, kuma abu biyu ya taho da su daga can. Na farko hannun gashi: yana soke rago sukutum a sandar ƙarfe, ya juya shi awa biyar a kan rabin durom a bayan gidansa, har sai nama ya saki ƙashi da kansa. Ba sana'a ya ɗauke shi ba, sai wanda ya ga dama yake yi wa. Na biyu kuma wannan ciwo na zari-ruga, wanda shi yake kira rugbi. Ƙungiyar garin da ya zauna ita ce ransa. Ni Bakano, shi Badamagare, don haka tun ranar da muka haɗu a masallaci ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

Zauren taron da Hajiya ke so a Upper Marlboro ranaku biyu kawai suka rage masa: Asabar ta biyu a watan Afrilu, ko kuma can ƙarshen Yuni. Na tafi garejinsa na same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Bawana, fito ka karɓi umarni. Asabar ta biyu a Afrilu za ka gasa wa Hajiya rago."

Ya zamo waje yana goge hannu, ya zaro waya ya duba. "Bon. Bakano, kowace rana ka zaɓa a shekarar nan na yarda, ban da wannan. Makon kwata fainal ne na kofin Turai. In ekip ɗina, wato ƙungiyata, ta tsallake zagayen 'yan sha shida, ranar ba ni ba wuta."

"In ta tsallake ka ce."

"Za ta tsallake."

"Da wa za ku buga?"

"Da wasu 'yan Ingila, a gidansu."

Na yi dariyar da sai da yaran garejin da ke gefe suka leƙo. Na ce ya ba ni kwana uku. Ya ce, "Ka sa Yuni, ka huta, ka hutar da Hajiya." Na ce mutumin da ke faɗin sakamako tun yana gajeren wando ba ya jiran Yuni saboda wasu ƙattin Faransa.

Gaskiyar magana, har ranar nan ban taɓa kallon zari-ruga na minti biyar ba. Na san dai ƙwallon kamar gwanda take, kuma ana cin zalin juna a fili alƙali yana kallo. Amma na sayi sabon littafin rubutu, na shiga karatu a jirgin ƙasa, zuwa da dawowa. Na gano mutum goma sha biyar ne kowane ɓangare. Na gano ba a jefa ƙwallo gaba sai baya, abin da har yau nake ganin rashin tunani ne. In ka dire ta bayan layin abokan gaba maki biyar, in ka buga ta tsakanin dogayen sanduna bayan an yi maka laifi maki uku. Akwai kuma wani abu da ƙatti takwas-takwas ke haɗa kai su yi ta turereniya kamar shanu a mashaya. Kwana biyu na ji na ƙware.

A rana ta uku na samo abin da nake nema. Na duba wasannin rukuni da ƙungiyarsa ta buga a watannin sanyi. A gida ta yi wa kowa dukan kawo wuƙa. Amma duk fitar da ta yi waje, an yi mata kaca-kaca, irin cin da in a ƙwallon ƙafa ne sai an kori koci kafin ya kai filin jirgi. Na rufe littafi. Abin a fili yake: 'yan gida ne, da sun tsallaka ruwa sai gwiwa ta yi sanyi. Kuma ga shi Ingila za su. A ranar na kama zaure, na gaya wa Hajiya ta sanar da mutanenta. Ranar Alhamis na aika saƙon minti goma sha ɗaya a guruf, mai taken zari-ruga daga bakin masani. Mutumin Damagaram ya amsa da kalma ɗaya ta Faransanci, wai shi an ji an yarda: "Dakor."

A asibitin su Hajiya ba a ɗaukar hutu da ka. Sai ka nema tun saura mako shida, ko ka samu wanda za ku yi musanya. Huɗu daga cikin aminanta, ciki har da wata 'yar Jos da ta fi kowa riƙe mata duti, musanya suka yi: suka ba da safiyar Asabar ɗin, suka karɓi dutin ƙarfe uku na rana. Wato za su zo walima da sha biyu, su ci rago da ɗaya, su wuce aiki.

Daga nan barci mai daɗi ya yi mini sallama. Wata biyu cur ina bin ƙungiyar Ingilan nan kamar ni na haife su. In ɗayansu ya yi targaɗe a atisaye, ni nake ɗingishi a ofis. Na san hasashen yanayin garinsu fiye da na Clinton, domin na karanta cewa Faransawa ba sa son ruwa da taɓo, sai na shiga roƙa wa garin da ban taɓa gani ba ruwan sama. Wata rana shugabar sashenmu ta tsaya a bayana, ta ga hoton wani ƙato mai kunne kamar an tauna, ta tambaya ko ɗan'uwana ne. Na ce kusan haka. Ina sauka a tashar da ba tawa ba. Ina sa sukari sau biyu a shayi. Duk da haka kowace Alhamis ina ƙara jaddada wa guruf cewa Faransawa su fara haɗa kayansu.

A zari-ruga, ashe, sai ana gobe wasa ake fitar da sunayen waɗanda za su buga. Masu hankali ba sa buɗe baki sai sun ga takardar. Ranar Juma'a kafin in tafi masallaci takardar ta fito. Na buɗe littafina in gwada. Cikin mutum goma sha biyar da Faransawa suka jera, uku kaɗai ke cikin waɗanda na yi nazari a wasanninsu na waje. Sauran baƙin fuska ne gare ni a can, kuma kowanne hotonsa ya cika wayata har ya yi saura.

Na kira shi. "Bawana, su wane ne waɗannan?"

"Ekip ɗina."

"To waɗanda aka yi ta lallasawa a waje fa?"

Dariyarsa sai da na janye wayar daga kunne. "Wala! Yanzu ka zo. Waɗancan 'yan ajin koyo ne, Bakano. A wasan rukuni in tafiyar ta yi nisa kuma ana da babban wasa a gida mako mai zuwa, sai a bar manya su huta, a tura ƙanana su je su sha duka su koyi hankali. Kowa ya san haka. Ko akuyar garin ta san haka."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na ce ka sa Yuni. Ka ce tun kana gajeren wando."

A sallar Juma'ar nan ban san surar da liman ya karanta ba.

Wasan da safe ya kama a agogonmu. Shi ya tafi cikin gari inda yake kallo tare da wasu tsofaffin abokansa Faransawa, kujera ɗaya, riga ɗaya, tun shekarar da ya zo. Ni kuwa na kulle kaina a ɗakin ƙasa da kwamfuta, a tsaye. Babu ruwa, rana tarwai a Ingila, ranar da ba su gani sai sau biyu a shekara. Amma yarana na Ingila suka yi ƙoƙari. Aka yi ta ja, wannan ya wuce, wancan ya kamo. Saura minti biyar muna gaba da maki biyu. Na zuba wa agogo ido. Saba'in da takwas, saba'in da tara. Yana cika tamanin, wato ƙarshen lokacin wasa, na daka tsallen da kaina ya gaisa da silin, na haura sama da gudu ina kiran Hajiya ta fito ta ga mijin da Allah ya ba ta. Har na fara naɗar saƙon murya.

'Yarmu ta biyu ce ta leƙa ƙasa ta ce da Turanci, "Baba, ai ba su daina ba."

Ba su daina ba. A wannan wasa, in lokaci ya cika agogo ja kawai yake yi, ba a tashi sai ƙwallo ta mutu. Faransawa kuwa suka ƙi barin ta ta mutu. Suka riƙe ta, wannan ya faɗi ya miƙa wa wancan, wancan ya faɗi ya miƙa wa na baya, taku-taku kamar masu tura motar da ta mace, har wani ɗan Ingila ya gaji ya yi laifi a gaban sanduna. Wani siririn yaro ya kafa ƙwallo, ya ja baya, ya buga. Na rufe kwamfuta kafin ta sauka, amma na ji ihun.

Saura buri ɗaya. Wasannin kwata fainal ana raba su ne tsakanin ranakun ƙarshen mako, don haka nasu zai iya faɗawa Lahadi. Na wuni ina sabunta shafi har ɗan yatsana ya yi kanta. Da jadawalin ya fito: Asabar, ƙarfe goma na safe agogonmu.

Na tafi gidan mutumin Damagaram da goro da ladabin da ban taɓa yi masa ba. Na kira shi Alhaji. Na ce zan ɗauko talabijin ɗin falona in kafa masa a gaban durom. Ya ce gashi ido biyu yake ci, wasa ma ido biyu, shi kuma biyu kaɗai gare shi. Na ce ya kalli maimaici. Ya dube ni kamar na ce ya ci tuwon bara.

"Ji nan," in ji shi. "Saboda Hajiya, ana tashi zan taho, ko hannu ba zan tsaya ba wa kowa ba. Sha biyu da rabi ina gida, biyar da rabi rago ya sauka. Ka je ka gaya mata gaskiya a matsar da lokaci."

Da na je na gaya mata, da wataƙila an sami dabara. Amma da na shiga gida na tarar tana gwada leshin da za ta sa, tana waya da 'yar Jos tana cewa ta zo da yunwarta. Ta juyo ta ce, "Ina labarin ragona?" Na ce ta kwantar da hankalinta, ragon nan ko a Damagaram ba a taɓa yin irinsa ba. Wannan kaɗai ne hasashena da ya tabbata.

Na koma na ce masa ni zan tayar da wuta da bakwai na safe, in riƙe masa har ya dawo. Da ƙyar ya yarda. Ranar Juma'a da yamma ya shafe ragon da kayan ƙamshi, ya soke shi, ya ɗaure da waya, ya yi mini karatu kamar mai ba da amanar jariri. Gawayi sai ya yi farin toka. A jera shi gefe da gefe, kada ko ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin nama. A juya a hankali, a riƙa shafa man shanu. Kada a yi gaggawa.

Da bakwai ina bayan gidansa. Da takwas na taɓa ragon na ji shi da sanyinsa kamar bai san abin da ake ciki ba. Na duba agogo, na yi lissafi irin na masu ilimi: in buhu ɗaya na gasa rago a awa biyar, buhu biyu awa biyu da rabi ne. Na juye na biyun. Na ga gefe ya cika, sai na tura sauran ƙarƙashi, tunda nan ne naman yake. Da goma na jingina waya a jikin bulo na kunna wasan, ba don sha'awa ba, sai don in ga ko za a yi musu cin da zai sa ya taso tun hutun rabin lokaci. Ba a yi ba. Kunnen doki aka yi ta yi. Ina tsugune ina zagin wani ɗan wasa da ya saki ƙwallo, sai na ji zafi a ƙeyata. Kitse ya ɗiga a garwashi, wuta ta tashi ta fi ni tsawo. Wata tsohuwa Baturiya da ke maƙwabtaka ta leƙo ta katanga tana tambaya ko ta kira 'yan kwana-kwana. Na ce mata al'adarmu ce.

Sha biyu da minti arba'in ya shigo, murya a dushe, ido jawur. An fitar da ƙungiyarsa da ɗan ƙaramin bambanci. Ya zagaya ragon sau ɗaya. Waje baƙi ƙirin kamar tayar mota. Ya soka wuƙa a cinya, jini ya biyo ta. Ya tuɓe rigar ƙungiyarsa ya ninke, ya ce in ba shi wuri. Sai dai a kankare, a yayyanka, a sake sabuwar wuta. Ɗungurungum kam ya wuce.

Tsakanin Clinton da Upper Marlboro na yi sawu huɗu a ranar. In je zaure in ce saura kaɗan, in dawo in tsaya masa a kai ya kore ni. A zaure akwai dafa-duka, akwai waina da miyan taushe, akwai zoɓo, amma a tsakiyar babban tebur Hajiya ta bar fili mai faɗi da farin ƙyalle, babu komai a kai. Kowa ya zo ɗibar abinci sai ya kalli filin.

Biyu da kwata 'yar Jos da sauran ukun suka miƙe, da kayan aikinsu a jaka. Ta rungume Hajiya, sannan ta juyo gare ni tana murmushi. "Oga, mun gode. Ragon dai a ci gaba da ba mu labarinsa." Hajiya ta raka su har mota. Da ta dawo ba ta kalle ni ba, ta je ta naɗe farin ƙyallen ta sa a jaka.

Naman ya iso bayan biyar, gunduwa-gunduwa a farantan roba, kuma in faɗi gaskiya abin da ya tsira ya yi daɗi, waɗanda suka rage sun sha yabo. Hajiya ta ɗauki takardar naɗe abinci ta zaɓi mafi kyawun tsoka ta yi ƙunshi huɗu, ta ce in kai asibiti in bar musu a tebur ɗin nas-nas. Ina tsaye riƙe da jaka tana zubawa, sai na gyara murya.

"Hajiya, in aka duba da idon basira fa, ban yi kuskure sosai ba. Na ce Faransawan nan za su fita, kuma ga shi sun fita. Mako guda kawai aka samu tsakani."

Ta ɗaure bakin jakar, ta ɗora mini a hannu.

"Baban yara, daga yau ko a jiƙe sharkaf ka shigo ka ce mini ana ruwa, sai na leƙa taga."